Yatsun Namadi Wanzami

Ranar da likitan Sakkwato ya ce wa Namadi Wanzami babu sauran cutar a cikinsa, har daga Birnin Tsaba sai da aka zo Zurmi yi masa barka. An baza tabarmi a ƙofar gida kamar ana biki. Kowa ya zo sai ya ce, "Kai Namadi, ka ga lahira ka komo." Shi kuma ya yi dariya ya ce leƙawa kawai ya yi, da ya ga layi ya yi tsawo sai ya juyo. Ciwon daji ne na hanji. An yanka shi an cire abin cirewa an ɗinke, sannan aka yi wata shida ana ɗura masa wani magani ta jijiya duk bayan mako biyu. Mutumin da ya shekara arba'in yana tsaga fatar bayin Allah, ranar da aka zo kansa da wuƙa sai da mutum biyu suka lallashe shi. Abokansa kuwa ba su raga masa ba, suka ce ai dama wanzami ba ya son jarfa.

To, cuta ta tafi, ba wanda ya yi ƙarya. Amma maganin da ya kore ta bai fita hannu Rabbana ba, ya tafi da kan yatsunsa. Yatsun suna nan goma cif, suna lanƙwasa suna miƙewa, sai dai kamar ya sa safar hannu mai kauri wadda ba ta ciruwa. In ya taɓa ruwan randa da safe sai ya ji kamar an soka masa allurai. In yana jan carbi sai ya duba ya ga tun ɗazu ƙwaya ɗaya yake murzawa. Da ya tambayi likita, likita ya ce wasu abin yakan sake su cikin shekara, wasu kuma yakan zauna musu. Namadi ya ɗauki rabin maganar na farko ya taho da shi gida, ya bar musu ɗaya rabin a asibiti.

Bai gaya wa kowa ba. Me zai ce? Mutane sun sha hanya sun zo taya ka murnar tsira da rai, sai ka ɗaga musu ɗan yatsa ka ce ga abin da ke damunka? Ai sai a ce ba ka da godiyar Allah.

Wanda bai san wanzanci ba yakan ɗauka aikin aska ne. Aikin hannun hagu ne. Babban yatsan hagu shi ke gaba, yana jan fata, yana laluben ƙurji da tsohon tabo da inda ƙashi ya ɗaga, ita aska binsa kawai take yi. A kan wannan yatsa Namadi ya yi suna daga Zurmi har Shinkafi da Ƙaura. Ana cewa in yana maka aski barci kake yi, sai ya buga maka kafaɗa ka farka ka ji iska a ƙeya.

Wata biyu da gama magani ya karkaɗe zabirarsa, jakar fatar nan ta kayan aikin wanzamai, ya wasa asake, ya hau mota zuwa kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Ya tarar da gindin dalbejiyarsa ba wanda ya zauna masa. Wanda ya fara cire hula shi ne Alhaji Sanda mai hatsi, wanda ya shekara ashirin da wani abu ba hannun da ya taɓa kansa sai na Namadi.

"Sarkin Aska, tun da ka kwanta yaran ga ka yi man sassabe da inji," in ji Alhaji Sanda. "Zo ka gyara man gonata."

Namadi ya jiƙa kan, ya murza sabulu, ya ja bisimilla. Yana aski yana ba da labarin kunun asibiti, wanda ya ce ko akuya aka ba sai ta nemi a kai ta gaban alƙali. Ana ta dariya. Bai ji komai ba. Sai mai goron da ke kusa ya ce a hankali, "Wanzan, jini."

Ya duba. Bayan kunnen Alhaji Sanda ya dare, jini ya gangaro har wuyan farar riga. Ba yankan ne ya tsorata shi ba, wanzami bai rasa kuskure. Abin da ya razana shi shi ne hannunsa yana kan wurin, jinin ma ya jiƙa masa yatsa, amma sai da wani ya gaya masa.

"Ba laihinka ba na," in ji Alhaji Sanda da sauri. "Ƙurji gare ni nan tun shekaranjiya. Ci gaba."

Babu wani ƙurji, su duka uku sun sani. Namadi ya dafe wurin da auduga, ya ƙarasa askin bai sake ba da labari ba.

Daga nan fa aka shiga yi masa kara, ita kuwa kara wani lokaci ta fi zagi ciwo. Ba wanda ya taɓa ce masa hannunsa ya lalace. Sai dai ya lura tsofaffin mutanensa suna zuwa gaishe shi ran kasuwa da hula a danne har gira, su zauna su tambayi jiki, su tashi ba su cire ta ba. In iska ta ɗaga gefen hular sai ya ga kai tal, an riga an aske a wani wuri. Masu zuwa ƙaho suka ce ciwon bayan ya yi sauƙi. Da lokacin kaciya ya zo, shi da kansa ya ce ƙarfinsa bai gama dawowa ba, iyayen yara suka amsa da saurin da ya ba shi kunya. Ƙauyukan da yake zagawa askin suna kuwa dama rabinsu sun watse saboda 'yan bindiga. Gonarsa tana hanyar da ba mai bi yanzu, kuma ko fartanya ya riƙa sai ta suɓuce. Daddawar da matarsa Maimunatu ke yi ita ta riƙe tukunyar gidan. Alhaji Sanda kaɗai ya ƙi sauya wanzami. Duk Alhamis sai ya zo ya cire hula ya zauna ƙiƙam kamar mai jiran allura, wannan zaman kuwa ya fi komai ƙona ran Namadi.

Da askin kasuwa ne kawai, da wataƙila ya haƙura tun tuni. Amma akwai wani aski guda da yake jira, wanda saboda shi ne ma ya kai ƙarshen maganin.

'Yarsa Mubaraka tana aure a Ƙaura Namoda, gidan Haladu direba. Shekararta tara da aure ba ta taɓa ko ɓari ba. Haladu shi ya riƙa ɗaukar surukin nasa a mota zuwa Sakkwato duk lokacin ɗurin magani. A zuwa na goma Namadi ya gaji. An ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi, to haka ukun ƙarshen nan suka zame masa. Bakinsa duk gyambo, ko ruwa ya sha sai ya dawo. A hanya ya ce wa Haladu ya juya mota, in mutuwa ce ta same shi a ɗakinsa. Haladu ya gangara gefen titi ya kashe mota. Suruki ba ya buɗe baki ya gaya wa uban matarsa irin wannan magana, saboda haka ya sunkuyar da kai yana kallon sitiyari.

"Baba, ka yi haƙuri ka ƙarasa," ya ce. "Ka riƙe askarka da kyau. Akwai aikin da ka jiranka gidanmu bayan kaka."

Namadi ya gane jika ne ke hanya. Sannan ya share ido da hannun riga ya ce, "To mi kaka jira? Tada mota."

Tun daga ranar, duk sanda aka soka masa allurar nan ya ga ruwan yana ɗiga, kan jariri yake gani a tafin hannunsa.

Bayan an gama yankan gero, wata Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Mubaraka ta sauka lafiya, namiji. Maimunatu ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo. Namadi ya yi hamdala ya yi sujada, ya shiga ɗaki ya zauna yana kallon hannuwansa. Gidan su Haladu suna da wanzaminsu na gado, wani Auwal, amma an riga an gaya masa wannan askin na kakan yaro ne, ya ce ya ji ya yarda.

Akwai yadda mahaifin Namadi, marigayi Faruku Wanzami, yake gwada mai koyo. Sai ya tsinko ɗanyar gwanda ya shafa mata sabulu, ya miƙa maka aska ya ce ka aske ta. Fatar ɗanyar gwanda ba ta da haƙuri, ko yaya bakin aska ya ƙwarzane ta sai farin ruwa ya tsattsafo. Tsohon yakan ce, "Ranar da gwanda ta bar kuka hannunka, ranar za ka taɓa kan ɗan mutane." Namadi yana da shekara goma sha huɗu gwanda ta daina kuka a hannunsa. Har yau yana tuna yadda tsohon ya juya ta a rana, bai ce madalla ba, ya dai zaro ƙaramar askarsa ta jarirai mai ƙotar ƙaho ya ba shi.

Ran Laraba bayan la'asar ya zaga bayan rumbu inda gwandar gidan take, ya tsinko guda. Ya zauna ya rungume ta a cinya, ya shafa sabulu, ya fito da askar nan mai ƙotar ƙaho. Da ya gama ya ɗauraye ta ya ɗaga. Wuri biyar farin ruwa yana tsattsafowa. Ya tsinko ta biyu. Wannan karon ya tafi a hankali, ya kafa ido, har numfashi yake riƙewa. Wuri uku. Ya miƙa hannu zai tsinko ta uku sai ya ji muryar Maimunatu a bayansa.

"Malam, ka bar muna na miya."

Bai juyo ba. Ta zo ta tsuguna ta ɗauki gwandar farko tana juyawa. Ta san gwajin, ta ga an yi wa ƙannensa shi tana amarya.

"Abokin kuka ba a ɓoye mai mutuwa," ta ce. "Ni ka sa maka maɓallin riga kullum da sahe. Ni za ka ɓoye ma?"

"Sauƙi shina samuwa."

"Allah shi ƙara. Amma suna gata na. Kira Haladu ka hwaɗa mai gaskiya, ba ya jin haushi."

"Kan jariri ba gwanda ba na," in ji Namadi. "Hannun ga ya aske jarirai sun hi dubu. In ya taɓa za shi tuna."

"Shekara tara, Malam," ta ce. Ta kwashe gwandojin a gefen zane ta shige madafa.

Kada a ce Namadi mugu ne ko marar hankali. Ya yarda da abin da ya faɗa, irin yardar da mutum ke yi wa abu don in ya sake shi bai san abin da zai kama ba. In ba wanzami ba ne shi, to wane ne? Tun yana yaro ko sunansa ba a kira shi kaɗai, sai an haɗa da sana'ar. Ya ji tsoron askin, amma ya fi jin tsoron safiyar da za ta biyo bayan ranar da ya ce ba zai iya ba.

Ran Juma'a da hantsi suka bi jerin motoci zuwa Ƙaura, don hanyar ba ta biyuwa in rana ta yi sanyi. Washegari bayan asuba aka taru a ƙofar gidan su Haladu. Liman ya yi addu'a, aka raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Faruku. Namadi ya ɗago kai da sauri. Ba wanda ya gaya masa. Haladu yana can gefe ya sunkuyar da kai kamar yadda ya yi a mota. Sunan mahaifinsa aka mayar, tsohon da ya ba shi aska.

Da rana ta ɗan ɗaga aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Inna Azumi, gwaggon Haladu, ta fito da jaririn a naɗe cikin zane, ta zauna ta miƙe ƙafa. Auwal wanzamin gidan, mutum mai kimanin shekara arba'in, ya tsuguna can baya don girmamawa. Mata sun cika ƙofofin ɗakuna. Labulen ɗakin mai jego ya ɗan motsa, Namadi ya san Mubaraka ce take leƙe, kunyar ɗan fari ta hana ta fitowa.

Aka ajiye ƙwaryar ruwan ɗumi. Ya tsoma yatsa don ya ji ɗuminsa kamar yadda ya saba. Bai san ko ya yi zafi ko bai yi ba.

"Inna, ruwan ga bai yi zahi ba?" ya tambaya kamar da wasa.

Inna Azumi ta taɓa ta ce daidai yake.

Ya jiƙa gashin, baƙi sul mai laushi, ya shafa sabulu. Ya buɗe askar. Sannan ya ɗora babban yatsan hagu a tsakiyar kan don ya nemo maɗiga, wurin nan mai taushi da ƙashi bai haɗe ba, inda kowane wanzami ke fara sanin iyakarsa kafin aska ta sauka. Da idonsa yana ganin wurin yana ɗagawa yana sauka. Yatsansa yana kai. Ya jira hannun ya tuna.

Babu abin da ya zo. Ba taushi, ba ɗumi, ba bugun nan da ya ji a ƙarƙashin wannan yatsa sau dubu. Da kan jikansa da gindin turmi duk ɗaya ne a wurin yatsan. Bai ma san ko dannawa yake yi ko shafawa ba, sai da yaron ya yamutsa fuska ya buɗe baki, sannan ya gane ya danna. Ya janye hannu kamar ya taɓa wuta.

Nan take aka fara kawo masa kara, kowa da tasa.

"Sanyin sahiya na," in ji Inna Azumi. "A bari rana ta ƙara ɗagawa."

"Baba bai karya ba," in ji Haladu daga bakin zaure. "A kawo mai kunu tukuna."

Da ya karɓi ɗaya daga ciki da an ba shi lokaci, da ya sha kunu ya dawo ya ɗora aska, kuma ba mai hana shi, don ba wanda zai iya kallon idonsa ya ce a'a. Ya hango Maimunatu a cikin mata, ta kafe shi da ido. Ya dubi labulen nan da ke motsi.

"Ba sanyi ba na," ya ce, ya ɗaga murya yadda har na ɗaki za su ji. "Ba yunwa ba ta. Hannuna ya mutu tun asibiti, ba ni jin abin da nika taɓawa. Na yanki Alhaji Sanda Shinkahi ban sani ba. Ba ni aske yaron ga." Ya juya. "Auwal, matso."

Auwal ya matso a tsugune yana cewa, "Haba Baba, haba Baba," yana laluben tasa zabirar. Namadi ya girgiza kai, ya juya askar mai ƙotar ƙaho ya miƙa masa ta ƙota.

"Da wagga za ka yi. Ta mai sunan yaron ta."

Auwal ya karɓa da hannu biyu. Namadi ya ja da baya ya zauna a gefen tabarma, inda masu kallo ke zama, wurin da bai taɓa zama ba a gidan suna. Ya ga gashin yana zuba a faifai. Aikin Auwal ba laifi, yana da sauri kaɗan, amma hannunsa na hagu yana gani. A bayan labule wata tana kuka ƙasa-ƙasa, ya san muryar tun tana cikin zanen goyo.

Da aka gama aka ɗauraye kan, Auwal ya goge askar ya miƙo masa. Namadi ya ce ya riƙe, kaciyar yaron ma shi zai yi in Allah ya kai rai. Inna Azumi ta ɗago jaririn ta ɗora masa a hannu.

Al'adar babban wanzami ce in ƙarami ya gama ya shafa kan da tafin hannu ya ji ko an bar saura. Namadi ya ɗaga hannu, ya tsaya, ya mayar. Sai ya sunkuya ya ɗora kumatunsa a kan ɗan kan nan. Nan ya ji shi. Ɗumi, da santsi, da ƙamshin sabulu, da maɗiga tana bugawa a hankali a jikin fuskarsa. Ya daɗe a haka har mata suka fara kallon juna.

"Auwal," ya ce, bai ɗago ba, "ka bar saura kaɗan bayan kunnen dama."

Auwal ya leƙa ya ga haka ne.

Namadi ya matso da bakinsa kusa da kunnen yaron, hawaye na bin gemunsa, ya yi magana yadda ba wanda ya ji sai Maimunatu da ta matso karɓar jikanta.

"Baba," ya ce, "gwanda ta yi kuka. Ban taɓa ba."